"Palliative": Yadda mayafin Romawa ya koma buhun shinkafa a Najeriya

In ka tare ɗan Najeriya a tasha ko a kasuwa ka ce masa an kawo "palliative", ba zai nemi fassara ba. Abin da zai tambaya shi ne a wace mazaɓa ake rabawa, kuma wa ke riƙe da takardar sunaye. A wurinsa kalmar tana nufin shinkafa, taliya, masara, wani lokaci 'yan kuɗi ta asusun banki. Har bakin da bai taɓa zama a aji ba ya iya ta, ya lanƙwasa ta ta koma "faliyatif". Amma in ka faɗi kalmar nan ga mutumin Landan ko na Toronto, jikinsa sanyi zai yi, don abin da zai faɗo masa a rai shi ne majinyacin da likitoci suka tabbatar ciwonsa ba na warkewa ba ne. Kalma ɗaya, wani na jin ta ya ɗauki buhu ya fita da gudu, wani na jin ta ya fara kiran dangi a waya. Kafin a gane yadda aka yi haka, sai an koma baya shekara kusan dubu biyu, zuwa ga wata tufa.

Asalin kalmar daga Latin ne, harshen Romawan da. Suna da wani mayafi da suke kira "pallium", ƙyalle ne mai kusurwa huɗu, galibi na ulu, ana yafa shi a kafaɗa a naɗe jiki da shi. Ba nasu ba ne na gado, daga Girkawa suka aro shi. Tufar da Baroma ke tinƙaho da ita ita ce "toga", wadda doka ba ta yarda wanda ba ɗan ƙasa ba ya sa. Toga doguwa ce, mai nauyi, naɗa ta ma aiki ne, masu hali bawa ke naɗa musu, kuma wanda ya sa ta ba ya iya wani motsin kirki da hannun hagu. Pallium kuwa ka ɗauka ka yafa, shi ke nan. Shi ya sa ya zama tufar malamai da masu falsafa da duk wanda ke son nuna cewa duniya ba ta dame shi ba. Har wasannin barkwanci da marubutan Roma Plautus da Terence suka ɗauko daga Girkanci suka mayar Latin, da sunan mayafin nan aka san su, "palliata", saboda shi 'yan wasan ke yafawa a dandali.

Abin ya kai ga wani malamin Kirista a birnin Kartaj, inda Tunisiya take a yau, mai suna Tertullian, ya rubuta ɗan littafi sukutum a farkon ƙarni na 3 yana kare kansa, don mutanen garinsu sun sa shi a baki da ya ajiye toga ya koma yafa pallium. Ashe tsegumi a kan suturar malami ba yau ya fara ba.

Mayafin bai mutu da daular Rum ba. A cocin Katolika har gobe akwai pallium, sai dai ya tsuke ya zama siririn ƙyallen farin ulu mai alamar gicciye baƙaƙe guda shida, wanda Fafaroma ke bai wa manyan limaman da ke shugabantar lardi, irin su Akbishop na Kaduna da na Jos da na Abuja. A bisa al'ada, ulun daga 'yan raguna ake samo shi waɗanda ake sa wa albarka ranar 21 ga Janairu, sannan a albarkaci mayafan ranar 29 ga Yuni. A Turanci ma kalmar ta shiga tun zamanin tsohon Ingilishi, ta gajarce ta zama "pall". Da farko tana nufin tufa mai tsada irin ta sarakuna, daga baya ta tsaya a kan ƙyallen da ake rufa wa akwatin gawa, shi ya sa masu ɗaukar gawa a jana'izar Turawa ake ce musu "pallbearers".

Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Mu ma "sutura" tufa ce ta mai rai, amma in aka ce an yi wa wane sutura, kowa ya san likkafani ake nufi. Daga tushe ɗaya kuma, wato "rufe", muka fitar da abu biyu da ba sa ga maciji da juna: rufin asiri, wanda kowa ke roƙon Allah ya ba shi, da rufa-rufa, wadda ke kai mutum gaban alƙali. Wanda ya riƙe wannan bambanci ya gama fahimtar kalmar da muke magana a kai, don haka ta rayu tun haihuwarta, ƙafa ɗaya a rufin asiri, ɗaya a rufa-rufa.

A Latin na baya-baya an ƙera aikatau daga sunan mayafin, "palliare", wato a yafa wa abu mayafi, a lulluɓe shi. Daga nan aka sami sifa, "palliativus", mai lulluɓewa. Likitocin Turai na tsakiyar zamani su suka ɗauke ta suka ba ta aiki. Sun kasa jinya gida biyu: akwai wadda ke bin ciwo har saiwarsa ta tumɓuke shi, akwai kuma wadda ke lulluɓe shi kawai, ta kwantar da zafi da wari da kumburi, ciwon yana nan a ƙasa.

Wanda ya fi kowa fito da wannan rabo fili shi ne Guy de Chauliac, Bafaranshe, likitan fiɗa da ya yi wa Fafaroma uku aiki a birnin Avignon. Ya ga annobar 1348 da idonsa, ta kama shi ma, ya tashi. A 1363 ya kammala babban littafinsa na fiɗa, wanda a cikinsa ya yi ta jingina da Ibn Sina da Az-Zahrawi na Andalus, kuma Turai ta yi ɗaruruwan shekaru tana karantar da shi. A ra'ayinsa, aikin likita shi ne ya warkar. Ba a yarda ya tsaya a lulluɓe ciwo ba sai a hali uku. Na farko, in ciwon a kan kansa ba ya jin magani, kamar kuturta a zamaninsu. Na biyu, in akwai magani amma majinyacin ya ƙi, ko jikinsa ba zai ɗauka ba, kamar mai ciwon daji da ba zai jure wuƙa ba, a lokacin da babu allurar kashe zafi. Na uku, in warkarwar za ta jawo abin da ya fi ciwon muni, ya kuma ba da misali da tsohon basir, bisa fahimtar likitocin lokacin. In babu ɗaya cikin ukun nan, likitan da ya tsaya a lulluɓewa bai yi aikinsa ba.

A riƙe sharuɗɗan nan uku, za su yi mana amfani in mun iso gida.

A farkon ƙarni na 15 aka fassara irin waɗannan littattafai zuwa Turanci, kalmar ta bi su ta shiga, da taimakon siffarta ta Faransanci, "palliatif". Ba ta daɗe a ɗakin likita ita kaɗai ba. Zuwa ƙarni na 17 Turawan Ingila sun ja ta zuwa fagen ɗabi'a da shari'a, inda "palliate" ta koma nufin a yi wa laifi kwaskwarima, a nemo masa uzuri, a sa ya yi kama da ƙarami. Da Samuel Johnson ya fitar da ƙamus ɗinsa a 1755, ya jera ma'anonin gefe da gefe: rufe abu da uzuri, rage girman laifi da daɗin baki, sannan yin magani na wucin gadi wanda bai kai saiwa ba, mai sauƙaƙawa ba mai warkarwa ba. Duk cikinsu babu yabo. Ko a yau, in marubucin jarida a Ingila ya kira wani shirin gwamnati da wannan suna, suka yake yi. Yana nufin an yi wa jama'a dabara, an zura wa yagaggiyar taguwa babbar riga an ce an yi ɗinki. Shi ya sa da wuya ka ji minista a can ya tashi da bakinsa ya ce ga "palliative" ɗin da ya kawo wa jama'a. Abokan hamayyarsa ne za su laƙaba masa.

To, yaya aka yi kalmar da ta sha wannan zagi ta zama sunan wani fanni mai daraja a likitanci? Labarin mutum biyu ne, kuma ya cancanci a ɗan zauna a kansa.

Cicely Saunders 'yar Ingila ce, an haife ta a 1918. Ta fara da aikin jinya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ciwon baya ya hana ta ci gaba, ta koma jami'ar kula da walwalar marasa lafiya a asibiti. A nan ta haɗu da David Tasma, Bayahude ɗan gudun hijira daga Warsaw, wanda ciwon daji ke ci yana da shekara 40, ba shi da kowa a Landan. Sun yi ta hira a kan irin wurin da ya kamata mutum ya ƙarasa kwanakinsa. Da ya rasu a 1948 ya bar mata fam 500, ya ce zai zama taga a gidan da za ta gina. Ta lura cewa muddin ba likita ba ce, babu likitan da zai saurare ta, sai ta koma makaranta tana da shekara talatin da 'yan kai, ta fito likita a 1957.

Abin da ta gani a asibitocin lokacin shi ne, da zarar an tabbatar mutum ba zai tashi ba, sai likitoci su fara tsallake gadonsa in suna zagaye. Maganin zafi kuwa ba a ba shi sai ya yi ta kururuwa ya roƙa, wai gudun kada ya saba da mofin, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi. Saunders ta juya tsarin. Ta ce a riƙa ba da maganin ta baki, a kan lokaci, kowane awa huɗu, kafin zafin ya dawo, ba bayan ya dawo ba. Ta tara bayanan ɗaruruwan majinyata ta nuna cewa in aka bi wannan hanya mutum yana zama cikin hayyacinsa, ya ci abinci, ya yi hira da iyalinsa, ya yi wasiyya. Ta kuma kawo wata fahimta da ta kira zafi na gaba ɗaya: ciwon mai mutuwa ba a jiki kaɗai yake ba, akwai tsoro, akwai tunanin wa zai riƙe yara, akwai bashi, akwai tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma kowanne yana ƙara wa na jikin wuta. A 1967 ta buɗe St Christopher's a kudancin Landan, gidan jinya na farko da ya haɗa kula da masu ciwon ajali da koyarwa da bincike. An sa tagar Tasma. A gidan ita ma ta cika a 2005.

Sai dai Saunders ba "palliative" ta kira aikinta ba, "hospice" ta ce, tsohuwar kalma mai nufin masaukin baƙi da matafiya. Wanda ya ɗauko tamu kalmar shi ne Balfour Mount, likitan fiɗa a Montreal ta Kanada, wanda ya je St Christopher's a 1973 ya ga abin da ake yi, ya koma gida da niyyar yin irinsa a cikin babban asibiti. Matsalarsa ta harshe ce. Montreal garin masu Faransanci ne, kuma a kunnensu "hospice" gidan gajiyayyu ne, inda ake jibge tsofaffin da ba su da gata. Babu mai kai uwarsa wurin da ke da wannan suna. Sai ya nemi wata kalma da za ta zauna daidai a Turanci da Faransanci, ya dawo kan tsohon mayafin nan. A farkon 1975 ya buɗe sashen a asibitin Royal Victoria da sunan "palliative care". Ya gudu daga kalma mai tabo ya faɗa kan wata mai tabo, amma aikin da aka yi a ƙarƙashinta ya wanke ta. A 1987 Birtaniya ta amince da fannin a matsayin ƙwarewa mai zaman kanta a likitanci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi ma'ana a hukumance a 1990, ta sake faɗaɗa ta a 2002, sannan a 2014 babban taron hukumar ya zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su sa shi cikin tsarin lafiyarsu.

Faɗaɗawar 2002 tana da muhimmanci, don ta cire fannin daga bakin kabari. Ba sai mutum ya kai gargara ba. Mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya, mai sikila da ke fama da tashin ciwo, duk suna iya amfana tun da wuri, a lokaci guda da ake yi musu maganin ciwon kansa. A 2010 wani bincike da aka yi a Boston ta Amurka kan mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya bazu ya ba likitoci da yawa mamaki. Waɗanda aka haɗa musu wannan kulawa tun farko sun fi samun natsuwa, sun fi ƙarancin baƙin ciki, kuma a tsaka-tsaki sun rayu wata 11.6, alhali sauran sun rayu wata 8.9. Kulawar da ake ɗauka ta sallama ce, sai ga shi ta ƙara kwana, da izinin mai kwana.

A Afirka, Uganda ce ta yi zarra. Anne Merriman, likita da ta yi shekaru tana aiki a kudu maso gabashin Najeriya tun tana matashiya, ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993. Dabararta mai sauƙi ce: a sayo garin mofin mai araha, a dama shi da ruwa, a sa masa launi gwargwadon ƙarfinsa, a zuba a gora a kai wa majinyaci har gida. Daga baya ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta maganin, tunda likitoci ba su isa ƙauyuka ba. Duk da haka, a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya mutum kusan miliyan 56.8 ke buƙatar irin wannan kulawa kowace shekara, kuma kashi 14 cikin ɗari kacal ke samu. Mafi yawan waɗanda ba sa samun a ƙasashe irin namu suke.

Yanzu mu dawo gida. A Turancin gwamnatin Najeriya kalmar ta daɗe a bakin injiniyoyin hanya. In ka ji an ce za a yi "palliative work" a kan wata hanya, ka san ba sabuwar kwalta za a shimfiɗa ba. Tifa ce za ta zo ta juye jar ƙasa da tsakuwa a ramuka, a bi da rola, motoci su samu su wuce kafin Sallah ko Kirsimeti, damina ta zo ta kwashe. Wannan amfani daidai yake da ma'anar ƙamus, kuma injiniyoyin ba su yi wa kowa ƙarya ba, faci suka ce za su yi, faci suka yi.

Fitowarta fagen siyasa sosai ta zo ne da rikicin man fetur. Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141, ƙasa ta ɗauki zafi daga Legas har Kano. Gwamnati ta yi ta alkawarin matakan sassauci, ciki har da motocin bas da shirin SURE-P na zuba rarar kuɗin tallafin a ayyukan jama'a, kafin ta sauko da farashin zuwa naira 97. Amma shekarar da kalmar ta shiga kowane gida ita ce 2020. Da aka rufe gari saboda korona a ƙarshen Maris, gwamnatin Muhammadu Buhari ta ba da umarnin fitar da hatsi daga rumbunan ƙasa, manyan 'yan kasuwa da bankuna kuma suka haɗa gidauniyar CACOVID suka sayi abinci don a raba. A watan Oktoba, cikin hargitsin da ya biyo bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da Abuja da Yola da sauran garuruwa. Duk wanda ya ga bidiyon Bukuru, kusa da Jos, ba zai manta ba: mutane sun hau rufin sito sun ɓanɓare kwano, buhuna na fitowa ta sama, masu ɗauka kamar tururuwa. Gwamnoni suka ce ba ɓoyewa aka yi ba, ana jiran kammala karɓa ne, wasu kuma an tanade su don zagaye na biyu na cutar. Jama'a dai ba su gamsu ba. A wannan makon kalmar ta koma wa ma'anarta ta farko ba tare da kowa ya shirya ba, kayan lulluɓe yunwa su ma aka same su a lulluɓe.

Sai 29 ga Mayun 2023, ranar da Bola Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin mai ya tafi. Cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, a watan Yuli ta haura 600. A watan Agusta Majalisar Tattalin Arziƙi ta Ƙasa ta sanar, ta bakin gwamnan Borno Babagana Zulum, cewa za a bai wa kowace jiha naira biliyan 5 don sayen abinci, wani kaso kyauta, wani kaso bashi. Biliyan biyar tana da daɗin faɗa a rediyo. Amma ɗauki Kano, ka raba kuɗin da mutum miliyan 9.4 da aka ƙirga tun 2006, ka bar duk waɗanda aka haifa bayan nan: kowa zai tashi da naira 530 da 'yan kai, abin da bai kai kuɗin lita ɗaya ba a lokacin. Bayelsa kuwa, mai mutum miliyan 1.7 a ƙidayar nan, ita ma biliyan biyar. Rabon kansa ya ci rayuka. A Maris 2024 ɗalibai mata biyu sun rasu a turmutsutsun karɓar shinkafa a jami'ar jihar Nasarawa da ke Keffi.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne yadda kalmar ta sauya jiki a hannunmu. A Turancin Ingila galibi sifa ce, tana bayyana irin matakin da aka ɗauka, kuma ko an yi amfani da ita a matsayin suna, hukunci take ɗauke da shi: wannan abu ba ya warkarwa. A Najeriya ta zama sunan kaya. Ana loda ta a tirela, ana sauke ta, ana karkatar da ita, ana buga hoton ɗan siyasa a jikinta. Hukuncin da ke cikinta ya zube a hanya, saura buhu. Shi ya sa kwamishina zai tsaya gaban kyamara yana murmushi ya ce ya kawo "palliatives", bai san cewa a asalin kalmar yana shaida wa jama'a ne cewa ciwonsu yana nan, shi dai mayafi ya kawo ba. Ni a ganina babu kalmar da gwamnati ta taɓa zaɓa da ta fi wannan gaskiya, ko da ba da niyya ta zaɓe ta ba.

Kafofin labarai na Hausa sun fassara ta da "tallafin rage raɗaɗi", kuma fassarar ta yi kyau, don "raɗaɗi" ya dawo da ita ɗakin majinyaci inda ta fito, "ragewa" kuma ba "kawarwa" ba ce. Inda aka sami cikas shi ne "tallafi", tunda da shi muke kiran rangwamen man da aka cire, har ta kai mai karanta labarai yana cewa tallafin rage raɗaɗin cire tallafi. Abin da fassarar ba ta ɗauko ba shi ne ɓangaren rufa-rufa, amma wannan jama'a sun cike shi da kansu.

Ba ina cewa rabon abinci laifi ba ne. Wanda ya kwana biyu bai ɗora tukunya ba, mudu biyu na shinkafa ba abin rainawa ba ne a wurinsa, da babu gara ba daɗi. Ambaliya in ta ci gari, kamar yadda ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024, babu abin da ya kamata a fara da shi sai abinci da bargo da magani. Tambayar ita ce wadda likitan Avignon ya bari: a cikin halin nan uku, wanne muke ciki? Tsadar abinci da rashin wutar lantarki da matatun mai na gwamnati da suka yi shekaru ba sa aiki da manomin da ɗan bindiga ya hana shiga gonarsa, cututtuka ne da ba sa jin magani? Ba su ba ne, wasu ƙasashe sun yi fama da irinsu sun fita. Majinyacin ne ya ƙi magani? An yi masa fiɗar ma ba a tambaye shi ba. Saura sharaɗi na uku, cewa warkarwar za ta fi ciwon muni, kuma wannan sai a tambayi wa za ta yi wa muni. In mataki na sassauci yana tafiya tare da gyaran da ake gani, kamar yadda likita ke ba da maganin zafi yana kuma ɗaure karaya, babu mai cewa komai. In kuwa shi ne kaɗai ake maimaitawa, 2012 da 2020 da 2023, ana magani kai yana kaba, to ya tashi daga ma'anar Saunders ya koma ta Johnson.

Ga ɗalibi mai shirin jarrabawa ko mai rubutu da Turanci, 'yan abubuwa kaɗan sun isa. Nauyin furuci a gaɓar farko yake, ba a ta biyu ba kamar yadda aka saba ji a nan. Aikatau ɗin shi ne "palliate", sunan aikin "palliation", kishiyarta a likitanci "curative", mai warkarwa. Tana da maƙwabta da ake rikita ta da su. "Alleviate" daga kalmar Latin mai nufin rashin nauyi take, wato a sauƙaƙa kaya, "mitigate" kuma daga mai nufin laushi, kuma su biyun babu zargi a cikinsu. "Placebo" maganin da babu sinadarin magani a cikinsa ne, alhali abin da ake kira "palliative" yana aiki da gaske, iyakarsa dai alamomin ciwo. In kana rubuta wa baƙo wasiƙa ko rahoto a kan rabon abinci, "relief" ko "food aid" za su fi isar da saƙonka, don in ka rubuta cewa an raba "palliatives" a ƙauyenku, yana iya ɗauka magungunan masu ciwon ajali kuka raba.

Inda rikicin ma'anar nan ya fi tsada shi ne asibiti. Likita zai duba hoton majinyaci ya ce wa 'yan uwa za a fara "palliative chemotherapy", wato alluran ciwon daji, ko a yi gashi na "palliative", ya wuce gado na gaba. Wani ɗan uwan zai ji kamar an ce akwai wani tallafi da za a samu. Wani zai ji kalmar magani kawai, ya koma gida ya sa gona a kasuwa, yana kyautata zaton in an kammala allurai shida Baba zai miƙe. Abin da likitan ke nufi shi ne za a yi ƙoƙarin rage girman ƙarin don numfashi ya sauƙaƙa, ko jini ya tsaya, ko zafin ƙashi ya lafa, wataƙila a sami ƙarin watanni, amma ba a sa ran ciwon zai tafi. Iyali suna da haƙƙin su tsayar da shi su tambaya da Hausa, a ba su amsa da Hausa: likita, wannan maganin na warkarwa ne ko na sauƙaƙawa? In na sauƙaƙawa ne, me zai sauƙaƙa, nawa zai ci, wace wahala zai ƙara wa mara lafiya, kuma akwai maganin zafi mai ƙarfi da za a iya ba shi a gida? Da amsoshin nan ne za su yanke shawarar ko a ci gaba da zirga-zirgar Zariya ko Kano duk bayan mako uku, ko a mayar da shi ɗakinsa a nemi ma'aikacin jinya da zai riƙa leƙo shi.